Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Fassara Kayan Tsaron Waya Zuwa Hausa Tun Kafin Ranar Firgici

Lacca da aka gabatar a garin Achika, Ƙaramar Hukumar Wudil, Jihar Kano

  

Maganar da aka ɗora mini yau ita ce fassara kayan tsaron waya da intanet zuwa harshen Hausa, domin amfanin masu rauni a lokacin da abu ya ɓaci. Wanda ya ji wannan take zai iya ɗauka zance ne na masu kwamfuta a Abuja da Legas. To amma duk wanda ya je kasuwar Wudil ranar Juma'a ya san yadda ciniki ya koma. Sai a sayar da sa a Kara ba a ƙirga ko naira ɗaya a hannu ba, ana jiran ƙarar alat a aljihu. Kuɗin adashin mata, da na taki, da abin da ɗa ya aiko wa tsohuwa daga Kudu, duk ta cikin wannan 'yar na'ura suke bi. Waya ta zama rumbu. Rumbun yana da ƙofa da makulli, sai dai bayanin yadda ake kulle shi an rubuta shi da harshen da mai rumbun ba ya ji. Abin da nake so in kafa hujja a kansa guda ɗaya ne: fassara yanki ce ta makullin kansa, kuma aiki ce da ake gamawa tun ana zaman lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari mu fara da mafi ƙanƙantar gaggawa, wadda take samun mutum shi kaɗai. Da yawanmu sun san yadda ake ƙwace WhatsApp ɗin mutum. Ɗan damfara ya sa lambarka a tasa wayar, kamfanin ya aiko maka da saƙo mai alƙaluma shida don ya tabbatar kai ne. Sai kira ya shigo da Hausa tatacciya, a yi maka sallama, a ce daga zauren ƙungiyarku ne za a yi taro, ko kuwa ana rajistar tallafi, karanto lambar da aka turo maka. Kana karantowa an rufe ka a waje, an shiga neman rance da sunanka wurin 'yan uwa da abokai. Haka ake yi da OTP, wato lambar tabbatarwa da banki ke turowa, da BVN, da alƙaluman da ke jikin katin ATM. Abin lura shi ne, a cikin wancan saƙon na kamfani akwai gargaɗi cewa kada a bai wa kowa lambar. Gargaɗin yana nan, amma akasari da Ingilishi yake zuwa. Ke nan a cikin minti ɗaya muryoyi biyu ne suka yi wa mutum magana: mai tsaronsa ya yi masa da harshen da ba ya ji, ɓarawo ya yi masa da harshen da aka rene shi da shi. Jama'a sukan ce wanda aka damfara son banza ne ya ja masa. Sau da yawa abin da ya faru shi ne ɗan damfara ya riga mai tsaro yin fassara.

Akwai kuma gaggawar da take samun al'umma baki ɗaya. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Nijeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, kuma zuwa Fabrairun 2023 tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Manomi da mai awo da mai ƙosai, waɗanda ba su taɓa hulɗa da banki ba, suka tsinci kansu suna buɗe asusu da karɓar tiransifa cikin 'yan makonni. Kaɗan ne daga cikinsu aka zaunar aka nuna musu bambancin alat na gaskiya da na bogi, ko aka gaya musu cewa saƙon tes ba shaida ba ne sai an duba abin da ke cikin asusu. Kafin wannan, a watan Afrilun 2022, an toshe kira daga layuka sama da miliyan 70 da ba a haɗa su da NIN ba, jama'a suka yi cincirindo wurin duk wanda ya ce zai buɗe musu, suna miƙa lambobinsu na ɗan ƙasa ba tare da sanin darajarsu ba. Duk sa'ad da aka jefa jama'a cikin hanzari, kasuwar 'yan damfara ta ci, kuma wanda ba ya jin harshen sanarwa shi ne farkon faɗawa.

Darasi mafi tsanani ya zo ne daga maƙwabtanmu. Ranar 3 ga Satumban 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a faɗin Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Matakin ya bazu zuwa ƙananan hukumomi 13 a Katsina, 14 a Sakkwato, da wasu sassan Kaduna, kuma a wurare da dama an shafe kusan wata uku. Sai da mutanen Gusau suka riƙa hawa mota zuwa Funtuwa don kawai su buga waya ko su tura kuɗi. A shekarar dai, Jamhuriyar Nijar ta katse intanet na waya har kwana goma bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairu, Nijeriya kuma ta dakatar da Twitter daga 5 ga Yuni har zuwa 13 ga Janairun 2022. Lokacin dakatarwar aka yi rububin sauke manhajojin VPN, masu ratsawa da mutum ta wata ƙasa ya kai inda aka toshe. Mai jin Ingilishi ya karanta ya zaɓi amintacciya. Wanda ba ya ji ya sauke wadda aboki ya nuna masa, alhali wasu na kyauta suna kwashe bayanan mai amfani da su. A Zamfara kuwa, inda aka kashe turakun sabis ɗungurungum, VPN ba ta tsinana komai; abin da ya rage wa mutum shi ne abin da ya riga ya sani da abin da ya riga ya ajiye a wayarsa. Akwai manhajoji irin su Briar da ke aika saƙo tsakanin wayoyin da ke kusa da juna ba tare da intanet ba, amma ranar da babu sabis ba a iya sauke manhaja, ba a kuma iya sauke fassararta. Duk abin da ba a fassara ba kafin ranar, an rasa shi a ranar.

To wace irin fassara ake magana? A nan aikin yake da nauyi, domin ya wuce musanya kalma da kalma. Ku ɗauki kalmar lamba. A bakin Bahaushe lamba abar bayarwa ce: ana ba da lambar waya, ana ba da lambar asusu don a turo kuɗi, ana ba da lambar mota a tasha. Idan muka kira PIN lambar sirri, OTP ma lambar sirri, BVN lambar banki, mun zuba abin bayarwa da abin ɓoyewa a buhu ɗaya. Ita ma kalmar sirri ba ta gama aikin ba, domin a al'adarmu akan gaya wa amini sirri, akan gaya wa malami da babba, ɗan damfara kuwa rigar amini ko ta ma'aikacin banki yake sawa. Da an raɗa wa waɗannan alƙaluma suna makulli, da sunan kaɗai ya yi rabin gargaɗin, don babu mai hankalin da zai miƙa wa baƙuwar murya makullin ɗakinsa. Haka nan akwai tazara tsakanin rufe asusu da kulle shi. Bankuna da dama suna da gajeriyar lambar dannawa, wasu masu ƙarewa da 911, wadda mutum zai ari wayar kowa ya tsayar da fitar kuɗi idan an sace tasa. Dattijon da aka ce masa ya rufe asusunsa zai yi jinkiri, yana tsoron kuɗinsa sun tafi ke nan. Idan aka ce masa ya kulle shi zuwa ya je banki da safe, zai danna nan take. Minti goman da zai ɓata yana wasiwasi sun ishi ɓarawo ya kwashe cinikin damina guda.

Akwai tarkon da ba ya ganuwa sai ga wanda ya san harsunan biyu. Haruffa biyar ɗin da Bahaushe yake karantawa share, wato kawar ko goge, su ne dai Bature yake rubutawa a kan madanni idan yana nufin a yaɗa abu ga jama'a. Ku ƙaddara matar da ta iya karatun Hausar boko, hankalinta a tashe, tana son kawar da hoton da take tsoron ya fita, ga kuma manhajar da aka fassara rabi aka bar rabi. Fassarar da ba a kammala ba tana iya fin rashinta haɗari. Sai batun haruffanmu masu ƙugiya. Saƙon tes guda yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an sa ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya koma 70, saboda ba sa cikin jerin haruffan asali na tsarin GSM. Masu aika saƙo sai su jefar da ƙugiyar, kare asusunka da ƙare asusunka su zama rubutu ɗaya. Mai fassarar da ya san wannan zai zaɓi kiyaye, wadda ba ta da ƙugiyar da za ta faɗi. Haka kuma Hausa tana bambanta ka da ki, gargaɗin da kullum yake cewa kada ka bayar ya bar rabin al'umma a waje, alhali kada a bayar ya game kowa. A wani wurin kuma harshenmu ya fi na masu ƙera manhajar kaifi. Abin da suke nufi da kare bayanan mutum muna da sunansa tun kaka da kakanni, shi ne rufin asiri. Manhajojin ba da rance da suka riƙa kwashe lambobin da ke cikin wayar mai cin bashi suna aika wa danginsa saƙon cin mutunci, har hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a watan Maris na 2022, da izinin mai wayar suka shiga, ta hanyar madannin da ya danna bai san me yake cewa ba. Da tambayar ta zo masa da cewa, ka yarda wannan manhaja ta ga lambobin duk mutanen da ke cikin wayarka, da ya tsaya ya yi tunani.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu sun cancanci amsa. Na farko zai ce yawancin waɗanda nake kira masu rauni ba sa karanta boko ko da Hausa ne, don haka fassarar rubutu aikin baban giwa ce. Akwai gaskiya a ciki. Ƙungiyar Translators without Borders, wadda ta fara aiki a Maiduguri a 2017, ta gwada fahimtar 'yan gudun hijira, ta tarar rubutaccen saƙo, ko da Hausa ko Barbarci ne, kaɗan ne suke gane shi, musamman mata marasa karatun boko, saƙon murya kuwa ya fi isa. Sai dai abin da wannan ya nuna shi ne a faɗaɗa fassara ta haɗa da murya da hoto, da rediyo, da saƙon da za a tura daga waya zuwa waya ba tare da data ba. Ta kuma haɗa da ajami, wanda duk wanda ya yi makarantar allo a Achika zai iya bi, wanda kuma har yau yake jikin takardun naira 200 da 500 da 1000. Murya ma sai an rubuta mata abin da za ta faɗa, sai an daidaita kalmominta. Idan rediyo ya ce makulli, banki ya ce lambar sirri, mai POS ya ce fin, an koma gidan jiya.

Na biyu, akasari matashi, zai ce ya taɓa juya wayarsa zuwa Hausa ya kasa gane komai, ya mayar da ita Ingilishi, kuma ai kowa ya san alat da data da fin. Wannan ƙorafi ne a kan mummunar fassara, kuma ina tare da shi. Kalmar da ta riga ta zauna a bakin jama'a ta zama Hausa, kamar yadda mota da asibiti suka zama. Babu dalilin korar alat a ƙirƙiro wata doguwar jimla. Ma'aunin shi ne a kai kalma kasuwar Darki ko tsakar gida a karanta wa mutum goma, a tambaye su me za su yi bayan sun ji. Wadda ta sa suka yi abin da ya dace ita ce daidai, ko ta asali ce ko ta aro. Shi ma wanda zai ce na'ura za ta yi mana aikin, amsarsa ke nan. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara tun Disambar 2013, Facebook ya fito da Hausa a 2016, kuma na'urorin suna ƙara ƙwarewa. Suna da amfani wajen share fage. Amma a watan Oktoban 2017 wani magini Bafalasɗine ya rubuta gaisuwar safe da Larabci a Facebook, na'ura ta fassara ta da ma'anar a kai hari, 'yan sandan Isra'ila suka kama shi, daga baya kamfanin ya ba da haƙuri. Idan haka ta faru da Larabci, wanda rubutunsa ya cika intanet, ina ga Hausa? Inda kuskure zai ci dukiya ko mutunci, dole mutum ya duba, ya kuma ɗauki alhaki.

Ja na uku shi ne mafi nauyi, domin na tsaro ne. Za a ce idan aka sauƙaƙa wa kowa hanyoyin ɓoye saƙo da tsallake toshiya, an sauƙaƙa wa 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Wanda ya binne ɗan uwansa a Zamfara ko Katsina yana da haƙƙin ya yi wannan tambaya. Amsata ita ce mai laifi bai taɓa jiran fassara ba. Lokacin da aka kashe sabis a Borno da Yobe da Adamawa a watan Mayun 2013, sai da sojoji suka biyo da haramta wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya a Borno, domin sun san maharan suna da wata hanyar. WhatsApp kuwa tun Afrilun 2016 yake rufe saƙonnin kowa da kowa, mugu da nagari, ba tare da an danna komai ba. Fassara ba ta ƙara wa mugu abin da ba shi da shi. Waɗanda take ƙara wa ƙarfi su ne bazawarar da aka yi wa barazana da hotonta, da ɗan gudun hijirar da duk dukiyarsa tana cikin layi ɗaya. Mafi yawan abin da muke magana a kai ma kulle asusu ne, da sa makulli na biyu a WhatsApp, da gane saƙon bogi, da sanin inda ake kai ƙara, kamar layin 622 na NCC. Wannan taimako ne ga jami'an tsaro, don yana rage musu masu kuka.

Saura tambayar wa zai yi. Bai kamata mu ɗauka wani ne ya ƙulla mana wannan giɓi ba. A shekarun 2021 zuwa farkon 2023 da na ambata, Farfesa Isa Ali Pantami ne ministan sadarwa, Farfesa Umar Garba Ɗanbatta ne shugaban NCC, Malam Kashifu Inuwa Abdullahi ne shugaban hukumar bunƙasa fasahar zamani, NITDA, dukkansu masu jin Hausa. Matsalar ita ce aikin ya faɗa tsakanin masana kwamfuta da masana harshe, kowa yana ganin na ɗan uwansa ne. Alhali mun taɓa yin irinsa. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, da Hukumar Harshen Hausa ta 1955, da sashen Hausa na BBC da ya fara a Maris na 1957, su suka zaunar mana da kalmomin mulki da siyasar duniya har manomi yake tattauna Majalisar Ɗinkin Duniya a bakin gona. Yau kayan aikin suna kusa da mu. A Wudil akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da Makarantar Horar da Jami'an 'Yan Sanda. A Kano akwai cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, da cibiyar CITAD da ta daɗe tana aikin kai fasahar zamani ga talaka. Manhajojin tsaro irin su Tor da Psiphon suna karɓar fassarar 'yan sa-kai, ƙungiyar Localization Lab kuma aikinta ke nan, haɗa masu fassara da masu ƙera manhaja. Ɗalibin da ke da waya da Hausa mai kyau zai iya shiga yau.

Abin da nake roƙo a yi bai fi ƙarfinmu ba. Masana harshe da na kwamfuta su zauna su daidaita kalmomin tsaro da ba su wuce ɗari ba, su gwada su a kan dattawa da matan aure kafin su buga. Babban Banki da NCC su wajabta cewa duk saƙon da ke ɗauke da makulli ya zo da gargaɗi a harshen da mai asusu ya zaɓa. Kamfanonin da suke tallata mana garaɓasar data da Hausa ba za su kasa gargaɗinmu da ita ba, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba mu madogarar neman a yi mana bayani yadda za mu fahimta. Mu kuma a nan, limamai da malaman Islamiyya, masu POS da masu cajin waya, waɗanda su ne jama'a ke fara rugawa wurinsu idan abu ya faru, su riƙe waɗannan kalmomi su riƙa maimaita su. Kowane gida ya rubuta lambar kulle asusunsa a takarda, da boko ko da ajami, ya ajiye tun wayar tana hannu.

Ranku ya daɗe, ba da yawan manhajojin da aka fassara za a auna nasarar wannan aiki ba. Za a auna ta ne ranar da baƙuwar murya ta kira wata baiwar Allah a Achika ta ce karanto mini lambar, ita kuwa ta riga ta ji, da harshenta, cewa makulli ne, ta kashe wayar ta ci gaba da aikinta. Ba mu san ranar da sabis zai ɗauke ko kuɗi su sake ɓacewa ba, amma yau akwai sabis, akwai masana, akwai lokaci. Mu fafe goranmu tun yanzu. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.